Sawun Majinyaci

Ruwan asuba bai daɗe da ɗaukewa ba Injiniya ya zo buɗe situdiyonsa na ɗaukar waƙa, ya tarar da kwaɗon ƙofa a rataye a buɗe. Ba a fasa shi ba, ba a lanƙwasa ba. Ya faɗa ciki da gudu. Kwamfuta tana nan, lasifika suna nan, har wayar da ya manta a caji tana nan. Abu ɗaya aka ɗauka, wata 'yar baƙar ma'ajiyar sauti da ba ta fi sabulun wanka girma ba. A cikinta kuwa muryar Majinyaci take, ta ainihi, kafin na'ura ta kaurara ta.

In ba ka san Majinyaci ba, ba laifinka ba ne, gidan rediyo bai taɓa sa shi ba. Mawaƙin gambarar zamani ne, irin wadda samari ke kira rap. Albam ɗaya tak ya saki a intanet, Dubiya Ta Ƙare, ba hoto ba suna. Kiɗan ma ba wani kiɗan kirki ba ne: kukan fanka, ɗigon ruwan leda, da tayar keken marasa lafiya. A kai wata murya mai kauri take zayyana abin da ke faruwa a wani asibiti da ba ta faɗi sunansa ba, wanda ya cika yana jiran sa hannun likita, da wadda aka manta a baranda. Masu son waƙoƙin ba su da yawa, amma son nasu har ya yi yawa. Suna kiran kansu 'yan dubiya. In suka haɗu a dandalinsu ɗaya ya ce "Ya jiki?" ɗayan ya ce "Da sauƙi." Injiniya kaɗai ya san ko wane ne Majinyaci, kuma ya yi musu alkawarin zai saki muryar ainihin a ƙarshen wata. To ga shi an ɗauke.

Kafin hantsi lungun ya cika. Mai gidan da situdiyon ke haya a ciki, wata dattijuwa mai faɗa, ta kafa kujera a bakin ƙofa ta ce kowa ya taka mata ƙasa sai ta ci mutuncinsa. Sannan ta aika a kira Mai Sawu.

Mai Sawu dattijo ne da ya yi suna wajen bin sawun akuya da babur da ɓarawon kaji. Ido gare shi, wannan ba a musu. Sai dai yana da hali guda, in ya ga taro bakinsa yakan riga idonsa. Ranar kuwa ga samari sun ɗaga wayoyi suna ɗaukarsa, abin da bai taɓa samu ba a kan akuya.

Ya tsuguna a laka. Sawun ya fito sarai: takalmi ƙato, mai kaurin ƙasa, ya shigo daga bakin titi ya koma. Na dama ya sauka daram, na hagu kuwa ya bar ja a bayansa kowane taku.

"Baba, me ka gani?" in ji shugaban 'yan dubiyar, wani siririn saurayi mai waya biyu da suke kira Sarkin Dubiya.

Da Mai Sawu ya yi shiru da an zauna lafiya. Ina! Ya miƙe, ya gyara hula, ya ce da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Namiji ne ƙato, kuma yana jan ƙafar hagu."

Aka yi tafi. Sannan tafin ya mutu, kawuna suka juya a hankali zuwa shagon da ke jikin situdiyon, inda Mai Walda yake tsaye da baƙin gilashinsa a goshi. Kowa a lungun ya san tun da ƙarfe ya faɗo masa yake ɗingisa ƙafar hagu.

*

"Kai ka haɗa ƙofar nan?" Mai Sawu ya tambaye shi, bayan ya ja shi gefe.

"Ni na haɗa. Ita da rabin ƙofofin layin nan."

"An ce ba kwa shiri da Injiniya."

Mai Walda ya yi 'yar dariya. "Shi ne ba ya shiri da ni. Wai ƙarar injina tana shigar masa waƙa. Na ce to ai na taimaka masa da kiɗa. Baba, ni abin da suke saurare ɗin nan ko a kyauta aka ba ni ban san ta inda ake kunna shi ba."

Mai Sawu ya gyaɗa kai ya ce ba komai, tambaya ce kawai. Amma kafin la'asar hoton Mai Walda ya gama zaga dandalin 'yan dubiya, an zagaye fuskarsa da jan layi, a ƙasa an saka maganar Mai Sawu da muryarsa, ana ta maimaitawa.

Washegari Mai Sawu ya dawo lungun. An rubuta ƁARAWO da fenti a ƙofar shagon. Wani mutum yana loda tagoginsa a kura tun ba a gama haɗa su ba, wai ya fasa. Matar Mai Walda ta kawo wa mijinta abinci, ta tsaya da kwanon a hannu ta dubi Mai Sawu.

"Sannu da aiki, Baba," ta ce. "'Yarmu ta dawo daga makaranta tana kuka, ta ce ba za ta koma ba. Na ce bari in zo in yi maka godiya."

Yana nan tsaye Mai Walda ya fito da bokiti zai wanke fentin, ya ratsa ta inda ƙasa ke da danshi. Idon Mai Sawu ya bi shi, don ido ba ya barin sana'arsa. Ƙafar hagun mutumin ba ja take yi ba. Dira take yi a karkace, ta tona rami da gefen dunduniya, ta ɗaga tsaf. Ko makaho ya shafa zai san wannan daban, na jiya daban.

Mai Sawu ya ƙura wa sawun ido. Jiya mutumin yana tsaye kusa da shi, da ya ce masa taka nan mu gani, da magana ta ƙare. Bai ce ba, tafi ya ɗauke masa hankali. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya fara wannan aiki.

*

Ya fara da Sarkin Dubiya, don yaron ya fi kowa ƙishin jin muryar nan. Ya same shi a shagon cajin waya.

"Ni? Baba, ni da na haddace albam ɗin daga farko har ƙarshe? In na sata ai da tuni duniya ta ji."

Gaskiya ne, irinsu ba sa iya riƙe abu. Ƙafarsa ma ba ta kai rabin sawun ba.

"Ku sauke hoton mutumin nan," in ji Mai Sawu. "Ba shi ba ne."

"Kai fa ka faɗa, Baba."

"Ni na faɗa, ni kuma na ce ba shi ba ne."

"To wane ne? Ka ba mu wani mu sauke wannan." Ya ɗaga waya kamar zai ɗauka. Mai Sawu ya juya ya tafi don kada ya kai wa yaron mari.

Sai Injiniya. Tun jiya yake lura da shi, mutumin da aka yi wa sata amma ko sau ɗaya bai haɗa ido da mai neman masa kayan ba. Mai Sawu ya fara zargin ko shi ya ɓoye abinsa don a yi ta maganar situdiyonsa.

"Makulli nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya a aljihuna, ɗaya a saman ƙofa, don masu zuwa ɗaukar murya in ba na nan."

"Har da Majinyaci?"

Injiniya ya shiga goge gilashinsa da bakin riga. "Baba, na yi rantsuwa."

"Rantsuwar ba ta hana ka alkawarin sakin muryarsa ba."

"Don amfaninsa ne. Da ya yi suna." Ya faɗa yana kallon ƙasa.

"Nuna min inda kake ajiye abin."

A ƙuryar situdiyon akwai wani ɗan ɗaki da aka manna wa katifu a bango, da makirfo a tsakiya. Mai gida ta hana a yi shara, don haka komai yana yadda yake. Mai Sawu ya ɗaga ƙafa zai shiga, Injiniya ya tare shi.

"Yi haƙuri, Baba, sai ka cire takalmi. Makirfo yana ɗaukar ƙararsa. Dokar ɗakin ce, duk mai waƙa a nan ya sani."

Ya sunkuya zai cire, sai ya tsaya a sunkuye. A bakin ƙofar ɗakin ga busasshiyar laka, shatin takalma biyu, an jera su gefe da gefe tsaf. Ɓarawon da ya zo sata da sassafe, zuciyarsa na dukan uku-uku, ya tsaya ya cire takalmi don kada ya dami makirfon da ba a kunna ba! Wannan ba baƙo ba ne. Jikinsa ne ya yi abin da ya saba ba tare da ya yi shawara da shi ba.

Ya shiga. A bayan teburin da aljihun ajiyar yake, inda tsintsiya ba ta kai wa, ƙura ta kwanta, kuma an taka ta da ƙafa ba takalmi. 'Yar ƙafa ce, siririya. Ashe jan da ya gani ba ɗingishi ba ne, takalmi ne ya fi ƙafa girma yana zamewa. Ya ƙara matsawa. Ƙaramin yatsan bai taɓa ƙasa ba sam, ya hau kan na kusa da shi.

Mai Sawu ya dubi ƙafarsa da ke tsaye a gefe, ba takalmi. Haka nasa yatsan yake. Cikin 'ya'yansa duka mutum ɗaya ce ta gado shi, Auta, wadda ke aikin jinya a asibiti.

Ya ɗago. Injiniya ya riga ya juya masa baya.

"Ka sani tun jiya," in ji Mai Sawu.

"Na yi zato, Baba."

"Ka yi zato, ka bar maƙwabcinka yana wanke fenti."

"Kai ma ai ka bar shi," in ji Injiniya a hankali. Maganar ta yi ɗaci, amma ba ƙarya a ciki.

*

Mijin Auta direban babbar mota ne, ya yi tafiya. Takalmansa na aiki suna jingine a bakin rariya, an wanke su fes har ƙasan. Mai Sawu ya yi sallama ya zauna a tabarmar da ta shimfiɗa masa. Ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi. Idonta ya faɗa kamar wadda ta tashi daga ciwo.

"Auta, yaushe kika fara wanke wa mijinki ƙasan takalmi?"

Ta dubi kofin da ke hannunta. Ta ajiye shi, ta zauna a ƙasa, ba ta yi musu ba.

"Na san kai za a kira, Baba. Na tuna ka taɓa ce mana ɓarawo mai wayo takalmin wani yake ara."

"Sai kika cire shi a bakin ɗaki."

Ta zaro ido, sannan ta rufe fuska da tafin hannu. Har wata 'yar dariya ta kuɓuce mata, wadda ta rikiɗe ta koma kuka.

Ya bar ta ta yi mai isarta. Da ta natsu ta faɗa masa komai. Abin da take gani a wurin aiki ne ya yi mata yawa, in ta faɗa a can a ce ta cika surutu, in ta zo gida ta rasa barci. Sai ta fara jera shi a waƙa. Ta roƙi Injiniya har da hawaye kada ya saki muryar, ya ce ai gata zai yi mata.

"Duk wanda ke asibitin nan ya san muryata, Baba. Ranar da aka ji, aikina ya tafi. Ba wani asibitin da zai ƙara ɗaukata. Shi kansa maigidan bai sani ba, balle danginsa."

Ta shiga ɗaki ta fito da ma'ajiyar a naɗe cikin ɗankwali, ta haɗa da wata tsohuwar kwamfuta ta kunna masa kaɗan. Muryar da ta fito ba kauri ba komai, ita ce dai wadda ke ce masa ya sha maganinsa.

"Gado na bakwai ya kira ni, na ce ina zuwa,
na dawo da ruwan, ba mai sha, sai kuka a ƙofa."

Mai Sawu ya ce ta kashe. Shi rap bai taɓa shigarsa ba, amma wannan ya gane shi.

"Ba zan faɗi sunanki ba," ya ce. "Ko za a yanka ni."

"Mai Walda fa? Na ga hoton. Tun jiya ko ruwa na sha sai ya tsaya min."

"Wannan nawa ne. Ke takalmi kika ara, ni na ɗora wa mutum laifi. Gobe zan tara su in wanke shi."

"In ba su yarda ba fa?"

"Za su yarda," ya ce, alhali ya ji abin da Sarkin Dubiya ya faɗa da kunnensa. Da ta rako shi ƙofa sai ya ji bakinsa ya ce, "'Yarsa ma an ce ta daina zuwa makaranta." Har ya kai titi yana tambayar kansa me ya sa ya faɗa mata wannan. Amsar da ya samu ba ta yi masa daɗi ba: so yake ta fito da kanta ta sauke masa nauyin.

*

Da hantsi aka taru a ƙofar situdiyon. Mai gida a kujerarta, Injiniya a jikin bango, Mai Walda da matarsa a gefe guda su kaɗai, 'yan dubiya kuwa sun ninka na ranar farko, kowa da waya a sama.

Mai Sawu ya sa aka kwara ruwa a ƙasa. Ya roƙi Mai Walda ya taka, mutumin ya dube shi tukuna sannan ya ratsa. Sai ya ari takalmin wani ƙaton ɗan dako ya zura ƙafarsa a ciki, ya yi tafiya a gefen sawun farko, takalmin yana zame masa. Aka yi dariya, dattijo yana tafiya kamar agwagwa. Bai damu ba.

"Ku duba. Wannan dira ce, wannan ja ne. Wanda ya shiga ɗakin nan ƙafarsa lafiya lau, takalmi ne ya yi masa yawa. Ranar farko ban duba da kyau ba, na yi magana don ku tafa min. Na zalunci bawan Allah nan. A gabanku na ɓata shi, a gabanku nake cewa ba shi da hannu."

Sarkin Dubiya ya ce, "To wane ne?"

"Ƙasa ba ta faɗa min suna ba."

"Ranar nan ta faɗa maka, yau ta yi shiru?" wani ya jefo daga baya. "An dai ga tsoho an cika masa aljihu!"

"Ai shi ma zai iya sa babban takalmi!" in ji wani.

Hayaniya ta tashi. Mai gida tana buga sanda ba mai ji. Wani dutse ya faɗa kan rufin shagon walda, matar ta ja mijinta baya. Mai Sawu ya dubi Injiniya, Injiniya ya dubi takalminsa. Sunan yana bakin Mai Sawu, ya danne shi da haƙori. Ya ga dai zai bar mutumin nan a hannunsu karo na biyu, wannan karon kuma da saninsa.

Sai taron ya dare ta baya. Auta ce, da fararen kayan aikinta, ta taho har gaban mai gida ta ajiye ma'ajiyar a cinyarta.

"Ni na ɗauka," ta ce. "Kayana ne."

Aka kwashe da dariya. "Malama nas, asibiti yana can gaba!"

Ba ta dubi kowa ba. Ta lumshe ido, ta fara daga gado na bakwai. Muryar siririya ce, tana rawa, amma inda take yanke numfashi da inda take dira kalma, duk wanda ya kwana da waƙar nan a kunne ya san su. Dariyar ta ɗauke. Bakin Sarkin Dubiya ya fara bin baitin da kansa, sannan ya tsaya a buɗe. Wata yarinya a cikinsu ta ce da rawar murya, "Ya jiki?"

Auta ba ta amsa ba. Wayoyin nan duka sun juyo kanta, fuskarta da kayan aikinta da komai, kuma Mai Sawu ya san kafin ta isa bakin titi an gani a asibiti. Ya matsa ya tsaya a gabanta yana buɗe hannayen rigarsa, wai ya kare ta. Ta taɓa kafaɗarsa.

"Bari, Baba. An riga an ɗauka."

Suka bi ta da kallo, wasu suka bi ta da ƙafa, lungun ya watse kamar ba a taru ba. Ba wanda ya tsaya ya ce wa Mai Walda ko sannu. Mai Sawu ya ƙarasa wurinsa, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Ka yafe min."

Mai Walda ya dube shi. Ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"'Yarka ce, ko? Allah ya yi mata albarka, ta fi ku duka." Ya sauke baƙin gilashinsa kan ido, ya ɗauki kan waldarsa. "Yafiya ba wuya, Baba. Amma ɗazu ƙanina ya kira ni daga wani gari, ya ce ya ga hotona da jan layi. Tunda kai ne mai bin sawu, ka bi shi duk inda ya shiga ka dawo min da shi."

Ya kunna inji. Mai Sawu ya tsaya da hula a hannu, tartsatsi yana zuba kusa da ƙafarsa, bai matsa ba.